Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya: Wanda Ya Bugu a Ka, da Abin da Ke Biyo Baya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate.



Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne a kan wani ciwo da ke ɗibar matasanmu kullum, amma ba a cika jin sunansa a taron manya ba, wato buguwar kai da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Kai likita ne, a Zariya ka yi karatu, babu abin da zan faɗa a kan aikin likita da ba ka fi ni sani ba. Bayanin da zan yi na waɗanda za su karanta tare da kai ne: direba, ɗan sahu, mai kemis, uwa, da matar da mijinta ya dawo daga asibiti ta kasa gane shi. Roƙon da ke ciki kuwa naka ne.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce a shekarar 2024 mutum 5,421 ne suka rasu a titunanmu, sama da dubu talatin suka jikkata. Abin da ya shiga littafinta ke nan. Wanda ya faɗi a hanyar ƙauye aka kwaso shi a amalanke ba ya ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Kuma ba titi kaɗai ba ne. Lebura ya zamo daga saman gini, yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, doki ya kayar da mahayi a wurin kilisa, masu ƙwacen waya sun sauke wa magidanci gora a ka, ɗan dambe ya sha naushi shekara da shekaru, tsohuwa ta zame a banɗaki. Dukkansu gado ɗaya ake kwantar da su.

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, kamar awara a cikin kwanon ƙarfe mai murfi, da ɗan ruwa kewaye da ita. In kwanon ya faɗi, ba lallai ya lotsa ba, amma abin da ke ciki ya riga ya bugi wannan gefe ya dawo ya bugi wancan. Shi ya sa mutum zai miƙe ko ƙwarzane babu, alhali siraran jijiyoyin da ke kai saƙo a cikin kansa sun tsinke, ko wata jijiyar jini ta fashe tana tsiyaya. Ƙoƙon kan baligi kuma ba ya buɗewa. In ƙafa ta kumbura tana da wurin kumbura. In jini ya taru a cikin kai, babu inda zai je sai dai ya matse ƙwaƙwalwa, har matsin ya kai gindinta inda ake sarrafa numfashi. Ɓarnar da ta auku a daidai lokacin buguwa babu mai iya mayar da ita. Amma akwai ɓarna ta biyu da ke zuwa cikin awannin da suka biyo baya, sanadin ƙarancin iska, da zubar jini, da kumburi. Wannan ita ce ake iya tarewa, kuma a nan ne muke asarar mutanen da bai kamata mu rasa ba.

Mun yi wani maƙwabci, matashi, tela ne. Wata rana da la'asar yana dawowa daga kasuwa a kan babur, ya kauce wa akuya, ya faɗi, gefen kansa na dama daga saman kunne ya bugi bakin kwalbati. Waɗanda ke wurin sun ce ya ɗan suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, har yana tambayar ina ledar zarensa. Kowa ya ce ya auna arziki. Aka kai shi kemis, aka wanke ɗan ciwon, aka ba shi maganin ciwon kai. Da shi aka yi sallar magariba a masallaci. Bayan isha ya ce kansa kamar zai rabe, ya yi amai, ya sake yi. Mahaifiyarsa ta ce firgita ce da gajiya, ta yi masa shimfiɗa. Cikin dare suka ji yana wani irin munshari mai nauyi, suka ce barci ne ya kama shi sosai, kada a tashe shi. Da asuba aka taɓa shi bai motsa ba. Kafin a samo mota, a je asibitin farko, a tura su na biyu inda ake hoton kai, a bi 'yan'uwa a harhaɗa kuɗin hoton, rana ta take. Likitan da ya duba hoton ya nuna musu wani farin dunƙule a gefe guda, ya ce jini ne ya taru tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Bai kai la'asar ba Allah ya karɓi abinsa.

Ƙashin wannan wurin, tsakanin ido da kunne, shi ne mafi sirantaka a kai, kuma akwai jijiyar jini kwance a ƙarƙashinsa. Irin wannan tarin jini yana daga cikin waɗanda tiyata ta fi yi wa magani, domin sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke ƙasa lafiyarta ƙalau; in an kwashe jinin da wuri, mutum kan koma kan kekensa na ɗinki. Ban taɓa ganin laifin mahaifiyar yaron nan ba. Abin da ta sani ta yi. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa wanda ya bugu a ka ya suma, ko da na ɗan lokaci ne, asibiti ya kamata ya je ko ya tashi yana dariya. Babu wanda ya gaya mata cewa amai a kai a kai, da ciwon kai mai ƙaruwa, da barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi, da ruɗewa ko maimaita tambaya ɗaya, da jijjiga, da sanyin hannu ko ƙafa a ɓari guda, da karyewar harshe, da jini ko farin ruwa daga hanci ko kunne, da baƙin ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, kowane ɗaya daga cikinsu kira ne na a tashi yanzu, ko ƙarfe nawa ne. In jariri ne, ƙin kama nono da kukan da ba ya rarrasuwa su ne maganarsa.

Ranka ya daɗe, lokacin da kake shugabantar Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, daga 2008 zuwa 2011, ka ga yadda saƙon rigakafin shan-inna ya shiga lungu da saƙo ta bakin sarakuna da hakimai da dagatai da limamai. Alamomin nan ba su fi ƙarfin wannan hanya ba. A sa su a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a kai su tashoshin mota da ƙungiyoyin 'yan adaidaita sahu. Sannan a fara da masu kemis, domin su ne ƙofar farko ga mafi yawan mutanenmu, kuma majalisar da ke ba su lasisi tana ƙarƙashin ma'aikatarka. Mai kemis ya san cewa wanda ya bugu a ka ba a ba shi maganin da ke sa barci, ba a ba shi asfirin da danginsa masu tsinka jini, ba kuma a ɗinke fata a ce an gama.

A bakin titi ma akwai gyara. Jama'armu ba sa ƙyashin taimako, da an ji ƙara za ka ga an ruga. Sai dai yadda ake ɗaukar mutum, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai na lilo, a cusa shi a bayan ɗan sahu a lanƙwashe, ya isa ya ƙarasa wuyan da ya tsage. A ɗura wa sumamme ruwa kuma ya shiga huhunsa. Abin da ake so kaɗan ne: mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a ɗaga shi gaba ɗaya a kan wani abu shimfiɗaɗɗe, in amai ya taso a juya shi kan gefe shi da kansa da wuyansa tare, a kira 122 ko 112.

Ba zan tsawaita a kan hular kwano ba, tunda tilasta ta ba aikin ofishinka ba ne. Amma a tuna, da aka fara tilasta ta ranar 1 ga Janairun 2009, an kama 'yan acaɓa a Kano da ƙwarya a ka a madadinta. Wannan ya nuna cewa mutane sun ɗauke ta a matsayin abin kauce wa kamu, ba su ga alaƙarta da rayuwarsu ba, kuma kuɗinta ya yi musu nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, in an ɗaure ta daidai, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Bakin likitan da ke buɗe kawuna ya fi bakin mai kamu tasiri a wannan magana. A ba su fili su yi ta.

Yanzu ga ƙofar asibiti, inda ikonka yake. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, ya kuma tanadi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 11 ya kafa asusun kiwon lafiya da ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ya ware kashi biyar cikin ɗari na asusun don taimakon gaggawa. Da shi ake tafiyar da shirin NEMSAS, wanda ya tanadi ɗaukar majinyaci da kula da shi na awa 48 na farko. Doka ta yi kyau. Amma je ka tambayi masu kwana a barandar sashen gaggawa ko sun taɓa jin ta. Abin da suka sani shi ne a yanki kati, a biya kafin alƙalami, a kawo takardar 'yan sanda, a je a sayo safar hannu da ƙarin ruwa, sannan a ce musu na'urar hoton ta lalace, sai dai a fita cikin gari wajen masu zaman kansu.

Ba ma'aikatan nake zargi ba. Da yawansu daga aljihunsu suke cike giɓi. Lokaci nake ji. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1981 ya bi majinyatan da jini ya taru musu a ƙarƙashin rigar ƙwaƙwalwa suna cikin doguwar suma: waɗanda aka yi wa aiki cikin awa huɗu, kashi 30 cikin ɗari suka rasu, waɗanda aka wuce haka kuwa kashi 90. Awa huɗun nan su ne muke ƙararwa a neman rance. Ma'aikatarka ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a 2024, ta kuma rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocin tarayya. Ina roƙo hoton CT na farko ga wanda ya bugu a ka, da tiyatar kwashe jini in ta kama, su shiga wannan sahu a aikace, a kuma kafe sanarwar da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, a bakin kowane sashen gaggawa, tare da lambar da mai jinya zai kira in an ce masa sai ya biya.

Akwai kuma abubuwan da ba sa buƙatar na'ura. Ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, ido da baki da motsi kawai yake dubawa, ya ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya sami 8 zuwa ƙasa rauninsa mai tsanani ne. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya auna shi, ya rubuta da lokacin da ya auna, ya sake bayan rabin awa. Makin da ke sauka ya fi kowace magana gaya wa likitan gaba abin da ke faruwa. Gwajin CRASH-3 da aka wallafa a 2019, a kan mutum sama da dubu goma sha biyu a ƙasashe 29, ya nuna cewa allurar tiraneksamik, mai sauƙin kuɗi, wadda ɗakunan haihuwarmu suka sani wajen tsayar da jini, tana rage mutuwa ga masu ƙaramin rauni da matsakaici in an yi ta cikin awa uku. Wani gwaji da ya gabace shi a 2004 ya nuna cewa magungunan sitiroyid ƙara mutuwa suke yi ga waɗannan majinyata. Ya kamata labarin nan biyu ya isa kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, a rubuce, da sa hannun ma'aikata.

Tun da Farfesa Latunde Odeku ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, likitocin wannan fanni a ƙasar nan ba su kai ɗari biyu ba a ƙidayar shekarun baya-bayan nan, ga mutum sama da miliyan ɗari biyu, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. A Arewa muna da su a Sakkwato, inda Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa cibiya, da Kano da Zariya da Abuja da wasu 'yan wurare. Horar da ɗaya kan ci shekaru masu yawa, don haka ba za mu jira ba. A haɗa kowane babban asibiti da likitan da zai karɓi kira ya duba hoto a waya, ya ce a taho ko a tsaya, domin kada a riƙa yawo da sumamme daga ƙofa zuwa ƙofa ana cewa babu gado.

Tsofaffi suna da nasu salon. Dattijo zai bugi ƙofa da goshi ko ya zame a wurin alwala, ya manta ma an yi. Bayan mako uku ko shida sai ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana yawan barci. Sai a ce tsufa ne, ko shanyewar ɓarin jiki, a mayar da shi ɗaki. Alhali jini ne ya taru a hankali, kuma ƙaramar huda a ƙoƙon kai takan dawo da shi cikin hayyacinsa. Tambaya ɗaya ce ke raba su: ko Baba ya faɗi kwanan baya?

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar sallama da abin da ke bayanta. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da atamfa ya yi haɗari a hanyar cin kasuwa, ya daɗe a sume, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ranar da aka sallamo shi gida ya cika, ana ta barka, don ga shi yana tafiya da ƙafarsa, yana gaisawa da kowa da sunansa. Abin da aka ba su takardar magani ce da ranar komawa. Bai yi wata biyu a shago ba aka fara ganin abu. Zai ƙirga canji sau uku ya ba da ba daidai ba. Zai ba da kaya bashi ya rantse bai bayar ba. A salla ya tsaya bai san raka'a ta nawa yake ba. Mutumin da yara ke hawa kafaɗarsa ya koma in suka yi hayaniya ya toshe kunne ya daka musu tsawa har jikinsa na rawa. Ya ce abincin gidan ya daina daɗi, ya zargi matarsa, ashe jin ƙamshi ne ya ɗauke masa gaba ɗaya. Wata rana a kan an motsa masa buta ya furta saki, bayan awa guda yana kuka yana tambayar me ya ce.

Dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce iska ce ta shige shi a wurin haɗarin, wasu suka ce sammu ne daga abokan kasuwa, har aka fara nuna wani da baki. Aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya, aka sayar da fili. Ni ba na raina addu'a, da ita da magani tafiya ɗaya suke. Abin da nake kuka da shi shi ne babu wanda ya zaunar da matar nan minti goma ya ce mata: gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin fushi da tsara al'amura da kunya, kuma shi ne ya fi buguwa a haɗari, mijinki zai yi mantuwa, zai gaji da wuri, zai yi faɗa ba da nufi ba, baƙin ciki zai iya kama shi, kuma farfaɗiya na iya zuwa bayan watanni, tana da magani. Da ta ji wannan, da ta san ciwo take jinya, ba ƙiyayya ba. Malaman fiƙihu ba sa zartar da sakin wanda hankalinsa ya gushe, amma alƙali ba zai iya auna lamarin ba sai da bayanin likita a gabansa. Duk wanda ya ga hotunan gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a Rigasa da Daura a 2019 ya san inda iyali kan kai mutumin da suka kasa gane ciwonsa.

Mafi yawan masu ƙaramar buguwa suna warwarewa cikin makonni, in sun huta, suka koma aiki ko makaranta sannu a hankali, ba su sake hawa babur ba kafin jiri ya sake su. Masu babban rauni kuwa tafiyarsu doguwa ce. Gashin ƙashi mun san shi, amma masu koyar da magana da masu sake koya wa mutum ayyukan yau da kullum ƙalilan ne ƙwarai. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Abin da ya rage shi ne likitan tiyata ya miƙa majinyaci hannu da hannu, tun kafin gida ya watse. Dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018 da asusun marasa galihu na dokar inshorar lafiya ta 2022 ya kamata su san da mutumin da naƙasarsa ba a ganinta da ido.

Sai maganar haƙƙi. Yadda aka saba, kafin majinyaci ya farfaɗo an riga an gama. Mai mota ya zo da dattawan unguwarsu, ya biya kuɗin magani na makon farko, a caji ofis a rubuta an yi sulhu, uba ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, mun yafe. Yafiya alheri ce, ba na jayayya. Amma haƙƙin na wanda aka raunata ne, da matarsa da 'ya'yansa da za su ci shekaru babu mai nema musu, kuma an yafe shi ne a ranar da babu wanda ya san girmansa. Karɓar diyya ba rashin tawakkali ba ne. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya ƙayyade ta: raunin kai da ya bayyana ƙashi raƙuma biyar, wanda ya kai ga rigar ƙwaƙwalwa sulusin diyya, gushewar hankali kuwa cikakkiyar diyya kamar ta rai. Magabata ba su ɗauki wannan rauni da wasa ba.

Dokar ƙasa ma ta buɗe ƙofofi, mutane ne ba su san su ba. Inshorar da ake tilasta wa kowane abin hawa, tun asalinta a dokar 1945, an yi ta ne don mutumin da aka raunata ko aka kashe. Daga Janairun 2023 kuɗinta Naira 15,000 ne ga motar gida, 5,000 ga keke mai ƙafa uku, 3,000 ga babur, kuma 'yan sanda sun fara tsananta bincikenta a Fabrairun 2025. Ga mai shakka a kan halaccinta, akwai kamfanonin takaful masu lasisi. Direbobi na biya don a bar su su wuce, amma da wuya ka ji wanda ya je ya nemi a biya wanda ya kaɗe. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ba shi hanya ta asusun NSITF, da sharaɗin a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙata cikin shekara guda. In motar hukuma ce ta yi kaɗin tana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, kuma wata ukun nan sukan ƙare mutum na kwance. Wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, bisa dokarta ta 2011, tana da hurumin tsaya masa kyauta a ƙarar diyyar haɗari.

Na san inshora da kotu da 'yan sanda ba a hannunka suke ba. Amma duk ƙofofin nan da mabuɗi ɗaya ake buɗe su, kuma a asibiti ake ƙera shi: rahoton likita. In fayil ya ɓace, ko ba a rubuta makin suma na ranar farko ba, ko rahoton layi biyu ne da ke cewa an yi magani an sallama, to lauya ba shi da abin riƙewa, kamfanin inshora zai ce ai ga shi yana tafiya. In kuma sai an biya kuɗi mai yawa an yi ta sintiri kafin a samu, talaka zai haƙura.

Saboda haka ina roƙo ka kai wannan gaban Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda kake zama da kwamishinonin jihohi, a amince da takarda guda da za a ba duk wanda ya bugu a ka ranar sallama. Fuska ɗaya ta ɗauki abin da likita ya gani: ranar haɗari, makin suma, sakamakon hoto, aikin da aka yi, da ranar da za a sake auna tunaninsa da halayensa bayan wata uku da wata shida. Ɗaya fuskar, da harshen da iyali ke ji, ta ɗauki alamomin da za su sa a dawo cikin dare, da sauye-sauyen da za a iya gani a gida, da gargaɗin kada a sa hannu a takardar sulhu kafin wancan awon, da shawarar a adana rasit da hoton kai da lambar motar da rahoton 'yan sanda, da adireshin ofishin agajin shari'a na jihar. Ma'aikacin sashen walwalar majinyata ya karanta wa mai jinya ita baki da baki, tunda da yawa ba sa karatu, kuma kada a karɓi ko kwabo a kanta. Asibitocin koyarwa na tarayya suna ƙarƙashinka kai tsaye. Da takardar umarni ɗaya za su iya farawa kafin jihohi su biyo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano.